Takardar Koke Kan Abincin Yara da Kuɗin Jardan a Birnin Tahoua

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Birnin Tahoua,
ta hannun masu unguwanninmu.
Kwafi zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tahoua, da sufeto mai kula da makarantun ƙananan yara.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyayen yaran da ke jardan, wato makarantun ƙananan yara, da gidajen reno a kwamin ta 1 da ta 2, tare da malamai, da matan da ke dafa wa yaran abinci, da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, muna kawo kukanmu a kan abu biyu da ba sa rabuwa: abin da yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yake ci daga ƙarfe takwas zuwa tashi, da abin da ake karɓa a hannun iyayensa. Roƙonmu shi ne hukuma ta sa jardan na cikin gari cikin tallafin abinci, kuma kada ko tiya ɗaya ta shiga makarantar da ba ta kafe kuɗinta a bango ba.

Kantin, wato ciyar da ƴan makaranta, ba sabon abu ba ne a Nijar. Gwamnati da PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun daɗe suna yin sa, amma galibi a firamaren ƙauyuka da yankunan makiyaya. Yaron gari an ɗauka ya karya a gida. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙofar jardan da safe ya san ba haka ba ne: wani da guntun burodi a leda, wani da dala biyar ta ƙosai, wani hannu sake. Kafin ƙarfe goma ya kifa kai a kan tabarma, madam tana zaton ƙiuya ce.

Ga abin da muke ganin ya isa, kuma ba ya fi ƙarfin hukuma ba. Kunu ɗaya mai kauri a rana, ga kowane yaro: garin gero giram 60, garin wake soyayye ko na gyaɗa giram 20, mai giram 10, sukari giram 10, gishiri mai sinadarin ayodin giram 2. Wannan ya haura kalori 400 kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yaron wannan shekaru yake buƙata a wuni. In aka lissafa wa yara 50, kwana 20 a wata, zai kama garin gero kilo 60, wake kilo 20, mai kusan lita 11, sukari kilo 10, gishiri kilo 2. Sai dai a lura: geron da ya fito daga buhu ba shi ne garin da ke shiga tukunya ba. Surfe da wanki da niƙa suna cin kusan kashi ɗaya cikin biyar, don haka gari kilo 60 yana son gero kilo 75, wato tiya 30, kashi uku cikin huɗu na buhu mai kilo 100. Duk lissafin da ya manta da dusa, ƙarshen wata mai dafuwa ake zargi da sata, alhali takardar ce ba daidai ba.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne wajen ruwa. In gari ya yi kaɗan, ana ƙara ruwa don kofuna su cika, ido ya ga an raba wa kowa. Amma cikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar fiye da kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi a zama guda. Ya cika shi da ruwa-ruwa, ya ƙoshi na ɗan lokaci, jiki bai samu komai ba. Kunun kirki shi ne wanda in an karkata cokali yake sauka a hankali. In ya yi tauri har yara suna ƙin sa, maganinsa ba ruwa ba ne. A barbaɗa garin gero mai tsiro kaɗan bayan an sauke tukunya ta ɗan huce, a motsa, kunun zai saki da kansa, sannan a mayar a wuta ya tafasa. Muna roƙon a ba kowace makaranta sikeli, ko aƙalla gwangwani mai alama da aka auna a gaban kwamitin iyaye, don garin gero kilo 3 na yara 50 ya zama kilo 3 kullum, ba abin da hannu ya ɗebo ba.

Ajiya ma tana da nata. Buhu ba ya zama a ƙasa, sai a kan katako, nesa da bango, kuma wanda ya riga shigowa shi zai riga fita. Wake in ba a buhun PICS mai riɓi uku aka ɗaure shi ba, ƙwari sun gama da shi kafin tsakiyar shekara. Gyaɗar da ta yi funfuna ko ta canza launi a zubar, kada a niƙa. Gubar da ke cikinta tafasa ba ta kashe ta, kuma hanta take taɓawa. Kada a niƙa garin fiye da na mako biyu, musamman wanda aka haɗa da gyaɗa, don yana yin ɗaci. A zafin Afrilu da Mayu na Adar, inda ake wuce digiri 40, kunun da ya yi awa biyu a sauke bai kamata ya shiga bakin yaro ba. Buta da sabulu a ƙofar aji, wannan ba sai mun tsawaita ba.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A makarantu da dama masu zaman kansu, uba yana tambaya a watan Satumba a faɗa masa kuɗin rubuta suna da na wata, ya yi lissafinsa ya amince. Da an shiga Oktoba sai ƴan takardu su fara zuwa cikin jakar yaro: kuɗin tufafin makaranta, na fensirin kala da takarda, na inshora, na ƙungiyar iyaye, na hoto, na abinci, na jinkirin zuwa ɗaukar yaro, daga baya na bikin ƙarshen shekara. Kowanne shi kaɗai ba shi da yawa. A haɗe kuwa suna iya kamo kuɗin karatun kansa, kuma da yawa ba a ba da resi. Uban da ya riga ya biya kashin farko ba ya iya cire ɗansa, sai ya ci bashi. Ba mu ce dukan masu makarantu haka suke ba. Akwai masu tsoron Allah da ke biyan haya da albashin malamai da ƙyar, kuma su ma wannan duhun yana cutar da su, don mai ɓoye rabin kuɗinsa shi ake gani kamar ya fi araha.

Dalilin da ya sa muka haɗa wannan da abinci a takarda ɗaya ke nan. In hukuma ta kai gero makarantar da ke karɓar, a ce, jika 3 a wata na abinci, ba a taɓa jika 3 ɗin ba, to ba yaro aka tallafa wa ba, mai makaranta ne. Kuma ba wanda zai gane, tunda ba a taɓa rubuta adadin a fili ba.

Muna roƙon ka ba da umurni kowane jardan da gidan reno, na gwamnati ne, na al'umma ne ko mai zaman kansa, ya kafe allo a bakin ƙofa kafin a fara rubuta sunaye. Allon ya nuna kowane kuɗi da sunansa, wanda yake dole da wanda yake ganin dama, jimillar shekara, da ranakun biya. A rubuta da Faransanci da Hausa, har da ajami inda ya samu, tunda tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma iyaye mata da yawa da ita suke karatu. A ajiye kwafi mai hatimi a ofishin kwamin. Abin da ba ya kan allo ba a karɓar sa a tsakiyar shekara sai babban taron iyaye ya yarda, an rubuta an sa hannu. Kowane biya da resi mai lamba, kuɗin abinci a layinsa daban, kuma inda tallafi ya shigo a rubuta ƙarara nawa aka rage.

Gefen allon a manna takardar sito ta wata: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da yawan yaran da suka ci kowace rana. A nan ne ake yawan yin coge. Rajista tana cewa yara 80, masu zuwa kullum 55, ana fitar da rabon 80. Lissafi ya bi kiran suna na safiya, ba rajistar farkon shekara ba. Makullin sito ya zama biyu, ɗaya wurin darakta, ɗaya wurin wakiliyar iyaye mata a kwamitin kula da makaranta na CGDES, kuma inda babu kwamiti a kafa shi kafin a kai hatsi.

Game da inda hatsin zai fito, muna ganin a fara da jardan na gwamnati da na al'umma a unguwannin da suka fi talauci, a nemi a ware musu kaso daga hatsin OPVN, hukumar cimaka ta ƙasa, da ake sayarwa da rahusa, a sayi wake a hannun manoman jiharmu da kaka lokacin da yake da sauƙi. Masu zaman kansu su shigo daga baya, waɗanda suka cika sharaɗin allo kaɗai. Matan da ke dafuwa a sa musu lada a rubuce, da kuɗin itace ko gaz da na niƙa, don in ba a lissafa su ba daga cikin geron yara za a cire su.

Abu na ƙarshe, hukuma ta san ko tallafin yana aiki. Ma'aikacin cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa ya riƙa zuwa sau ɗaya kowane wata uku da zaren auna damtse mai launuka, wanda ake gane tamowa da shi, ga yaran da ba su cika shekara 5 ba. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a tura likita a ranar. Rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, a kira uwa a sa ido. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati, saboda haka turawar ba za ta zama wani sabon nauyi ga iyaye ba in an bi doka.

Muna roƙon a kira zama kafin komawa makaranta a watan Oktoba, da sufeto, da masu makarantu, da masu unguwanni, da wakilanmu maza da mata. Za mu zo da samfurin allon kuɗi da na takardar sito da muka tsara, a duba a gyara.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo.

Sa hannun iyaye, malamai, masu dafuwa da ma'aikatan lafiya yana haɗe da wannan takarda, unguwa-unguwa.