Zuwa ga Baba Alhaji na garejin Dilimi: abin da suke yi a can sama idan gari ya waye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaisuwa da girmamawa. Ya gida, ya gareji, ya sanyin Jos da ya fara kamawa? Allah ya ƙara muku lafiya.

Ranar Asabar, a bikin yaye ɗalibai na makarantarmu, yarana sun ɗaga samfurin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa (ISS) da suka haɗa da kwali da gwangwanayen madara. Kuka karɓi lasifika a gaban iyaye kuka ce: "Malam, mutum bakwai an rufe su a gwangwani wata shida, ba gona ba kasuwa. Idan gari ya waye, wane aiki suke yi? Kuma ɗan bakanike irin nawa, me ya haɗa shi da wannan?" Jama'a sun yi dariya, amma na san ku, ba don raha kuka tambaya ba. La'asar ta matso, na ce bincike suke yi, aka tashi. Abin da na faɗa gaskiya ne, sai dai rabi ne. Tunda a bainar jama'a aka yi tambayar, a bainar jama'a zan kawo sauran.

Rabin da na bari a baya shi ne wanda kuka fi ni sani. Gyara suke yi, Baba. Wannan tasha gareji ce da ba a taɓa rufe ta ba, kuma masu gyaran a cikin motar da suke gyarawa suke kwana.

An harba ɓangarenta na farko, Zarya, a watan Nuwamban 1998. Tun ranar 2 ga Nuwamban 2000 ba a sake barin ta babu mutum ba. Ku duba motar da ta haura shekara ashirin a kan hanya ba a kashe injinta ko sau ɗaya ba, ku ƙiyasta irin sabis ɗin da take ci. Tsawonta mita 109, nauyinta ya haura tan 400, tana shawagi kilomita kusan 400 a samanmu, kwatankwacin tafiyar Abuja zuwa Kano da za a miƙe ta tsaye. Tana gudun kilomita kusan 28,000 a awa, ta kewaye duniya cikin awa ɗaya da rabi. Saboda haka "idan gari ya waye" da kuka ce, su sau 16 yake waye musu a rana. Da agogo suke aiki, agogon GMT, wanda muka riga shi da awa ɗaya. Suna tashi ƙarfe shida nasu, daidai bakwai namu, lokacin da yaranku ke ɗaga ƙofar gareji. Kafin su taɓa komai sai sun yi magana da masu lura da su a ƙasa, a Hustan ta Amurka da kusa da Mosko da Jamus da Japan, a bi jadawalin ranar ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da ke cin lokacinsu iska ce. Mu nan ba mu san darajarta ba, domin iska mai ɗumi da kanta take hawa sama, mai sanyi ta maye gurbinta. A can abu ba ya hawa, ba ya sauka. Idan fanka ta tsaya, numfashin da mutum ya fitar zai taru a gaban fuskarsa, ya yi ta shaƙar abinsa har kai ya fara sarawa. Don haka fankoki ba sa hutawa dare da rana, kuma duk abin da ya kuɓuce, gashi ne ko ɓurɓushin abinci ko ƙaramin noti, a bakin rariyar fanka yake ƙarewa. Duk Asabar sai sun bi rariyoyin nan da injin zuƙar ƙura, sun goge bango da tsumma mai magani don kada fumfuna ta kama. Wanda ya yi digirin digirgir da wanda ya tuƙa jirgin yaƙi, kowa da tsummansa.

Sai ruwa. Babu mai garuwa da zai hau can. Zufa, danshin numfashi, har da fitsari, duk injin ne ke tattarawa, ya mai da fitsarin tururi, ya tace duka, ya dawo da ruwa garau. A 2023 sun kai ga dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan da ake amfani da shi a ɓangaren Amurka. Daga ruwan nan ne kuma ake samun iskar shaƙa, a tsarga masa wutar sola ya rabu, a ɗauki oksijin. Kun ga sarƙar: famfon bayi ya lalace, ruwa ya ragu, ruwa ya ragu, iska ta shiga tangarɗa. Shi ya sa ɗan sama jannati zai kwashe wuni yana kwance da ɗaure a bayan bayi, kuma ba wanda ke ganin aikin a matsayin ƙasƙanci.

Ina ɗan shekara 14 mahaifina ya kawo ni wurinku hutun ƙarshen shekara. Ban manta yammacin da sifana mai lamba goma ta ɓata ba. Kuka hana a rufe gareji. Muka yi Magariba a nan, muka dawo da tocila, sai da aka same ta a maƙale kusa da lagireton wata Peugeot 504 da mai ita zai kama hanyar Bauchi da asuba. Kuka ce ba sifanar ce ta dame ku ba, inda za ta faɗa idan inji ya tashi ne. A lokacin tsanani na ɗauka. Da na fara karanta yadda ake aiki a wajen tashar nan, ku na tuna. Duk kayan aiki a ɗaure yake da igiya, a ƙirga kafin a fita, a ƙirga kafin a shigo. A Nuwamban 2008 jakar kayan aiki ta suɓuce wa 'yar sama jannati Heidemarie Stefanyshyn-Piper tana goge giris da ya tsiyaye a cikinta, ta yi ta kewaya duniya watanni kafin ta ƙone a hanyar faɗowa. A irin wannan gudu, ɗan ƙarfen da ya ɓata harsashi ne.

Ga labarin da na fi so ku ji. A ƙarshen Agustan 2012, Sunita Williams da Akihiko Hoshide suka fita canza akwatin da ke rarraba wutar sola. Noti ɗaya ya ƙi shiga. Sama da awa takwas suka yi a waje, a cikin rigar da ke sa yatsu su yi tauri kamar an ɗaure su, suka dawo aiki bai kammalu ba. Ashe ɓarɓashin ƙarfe ne ya toshe zaren ramin. Babu shagon da za a aika yaro. Suka ɗauki buroshin goge baki suka ɗaure shi a jikin ƙarfe, suka warware waya suka yi ɗan buroshi na biyu, suka koma ranar 5 ga Satumba, suka share ramin, suka shafa mai, noti ya zauna. Baba, sau nawa na ga kun yi wannan da tsohon buroshi da ɗan fetur a gwangwani?

Na biyu kuma na masu faci ne. Iska ta daɗe tana zurarewa a ɓangaren Rasha mai suna Zvezda, an rasa ta ina. A Oktoban 2020 Anatoly Ivanishin ya yage jakar shayi ya saki ganyen a ɗakin da ake zargi, aka rufe ƙofa, kyamara na kallo. A hankali ganyen ya bi iska ya taru a wani ɗan tsagi a bango. Dabarar mai faci ce da yake tsoma tayar ciki a ruwa yana neman kumfa. An liƙe wurin, wasu tsagogin suka sake bayyana, aka yi ta liƙi shekara da shekaru. Tsohon ƙarfe haka yake.

Kuma aikin yana da haɗarin rai. A Yulin 2013 ruwan da ke sanyaya rigar Luca Parmitano, ɗan Italiya, ya kwararo cikin hular kansa yana waje. Ruwan bai gangara ba, ya manne a fuskarsa, ya rufe masa ido da hanci da kunne, da lalube ya bi igiyarsa ya koma ƙofa. Da aka bincika, ƙazanta ce ta toshe wasu ƙananan ramuka a cikin injin rigar.

To, binciken fa? Shi ne dalilin duk wannan wahala. A can ana iya cire nauyi daga lissafi, abin da ba ɗakin gwajin da zai iya yi na dogon lokaci a doron ƙasa. Harshen wuta ba ya tsini, dunƙulewa yake kamar ƙwallo. Ƙwayoyin furotin da masu haɗa magani ke nazari sukan fito da tsari mafi kyau. An shuka latas an ci a Agustan 2015. An yi gwaje-gwaje sama da 3,000 na masana daga ƙasashe fiye da 100, kuma yawanci mai binciken yana ƙasa, ɗan sama jannati hannunsa ne kawai: buɗe nan, zuba wannan, sa a firiza.

Amma babban abin gwajin jikinsu ne. Ƙashin da ba ya ɗaukar kaya zaizayewa yake, kusan kashi 1 cikin 100 duk wata a ƙugu da gadon baya. Abin da tsufa ke yi wa iyayenmu mata cikin shekaru, can cikin watanni ake ganinsa. Shi ya sa dole su yi motsa jiki na awa biyu kullum, a ɗaure su da majanyi a kan injin gudu don kada su tashi sama, su ɗibi jininsu da kansu su adana. Scott Kelly ya yi kwana 340 daga 2015 zuwa 2016, ɗan tagwayensa Mark yana ƙasa, aka riƙa gwada su biyun. Ko jikin ma, kun gani, sabis ake yi masa.

Har na'urar binciken da ta fi kowace tsada sai da ta nemi bakanike. AMS, wadda aka ɗaura a jikin tashar a 2011 don kama ƙwayoyin da ke zuwa daga can ƙuryar sammai, famfunan sanyaya ta suka fara mutuwa. Ba a ƙera ta don a buɗe a sama ba. Parmitano ɗin nan da ruwa ya kusa shaƙewa, shi da Andrew Morgan suka fita sau huɗu tsakanin Nuwamban 2019 da Janairun 2020, suka yanke bututu takwas, suka jona sabon famfo. Kamar dai a canza wa mota famfon lagireto ne.

Ba zan ɓoye muku ba, kuɗin da aka kashe ya haura dala biliyan 100, kuma mai hankali zai iya cewa akwai wurin da ya fi buƙatarsu. Wannan muhawara ce mai kyau, ban ce na gama ta ba. An ma tsara sauko da tashar cikin teku wajajen 2030, domin tsufa ya kama ta. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne a ce ɗan bakanike ba shi da rabo a ciki. Sultan Al Neyadi na Daular Larabawa, injiniya ne, ya yi wata shida a can. Ranar 28 ga Afrilun 2023 ya zama Balarabe na farko da ya fita aiki a wajen tasha. Jan waya suka yi, shi da abokin aikinsa, suka kuma yi ƙoƙarin kwance wata na'urar sadarwa, noti ya cije, suka bar ta. Mu ma mun taɓa tashar da hannunmu: ƙaramin tauraron Nigeria EduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ke da hannu a ƙera shi, daga ɓangaren Japan na tashar aka sake shi a 2017. A nan Jos akwai cibiyar NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, da ke nazarin hotunan tauraron ɗan'adam. Kuma tauraron sadarwarmu NigComSat-1 da aka harba a 2007, matsalar farantan sola ce ta kashe shi a 2008, domin inda yake ba mai hawa da sifana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ya fi kusa da haka. A wata makaranta da na taɓa koyarwa an kawo rijiyar burtsatse mai sola. An yanka kirtani, an yi tafi, an ɗau hoto. Ba a cika shekara ba ruwa ya tsaya. Ƙurar hunturu ta lulluɓe farantan, wata waya ta ci wuta a cikin akwati, babu wanda aka ɗora wa dubawa, babu littafin da aka rubuta ranar sabis. Yara suka koma jarka. Ina shiga aji ina koya musu wutar lantarki a allo, famfon yana mace a bayan tagarmu. Har yau abin yana damuna.

Ɗanku shi ya lanƙwasa farantan solar samfurin nan yadda za su juya, ba ni na nuna masa ba. Yana jin lissafi, hannunsa kuma naku ne. Kada ku sa shi ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

Ina da roƙo biyu. Idan akwai tsohon famfon ruwa ko altaneta da kuka yar a bayan gareji, ku ba mu, kuma ku zo da kanku wata Laraba ku nuna wa ɗalibaina yadda ake kwance shi a jera notuna a faranti bi da bi, yadda kuka koya mini. Na biyu, tashar tana bi ta saman Jos, ana ganinta da ido bayan Magariba ko kafin fitowar rana, fara tas, ba ta ƙyaftawa irin ta jirgin sama, ta ratsa cikin 'yan mintoci. Zan duba ranar da za ta wuce idan hazo ya yi sauƙi, in zo Dilimi mu yi sallah tare, sannan mu tsaya a bakin gareji da yaranku mu jira ta.

A gaida Hajiya da yara.

Ɗanku,
malamin kimiyya, Jos