A koya wa ɗalibi tuhumar muƙala kafin ya kafa hujja da ita

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in yi magana da malaman da ke koyar da rubutun ilimi da dabarun bincike a manyan makarantunmu na Jos. Duk wanda ya saba duba babi na biyu na kundin kammala digiri, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya san yadda yake zuwa: wane ya ce, wance ta ce, shafi bayan shafi, babu inda ɗalibin ya tsaya ya auna ko maganar tana da tushe. Galibi tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon muƙala, kawai ya karanta, shi kuwa tsakure nan ne marubuci ke tallan hajarsa.

Gyaran yana cikin tsarin karatun. A ba ɗalibi muƙala ɗaya tak. Ya fara rubuta iƙirarin marubucin a jimla guda, da bakinsa. Daga nan ya tsallake gabatarwa ya nufi sashen dabarun bincike: su wa aka tambaya, su nawa, ta yaya aka zaɓo su, a wace shekara. Sai jadawalan sakamako. Kammalawa ta zo daga ƙarshe, don ya ga ko ta zarce abin da alƙaluman suka nuna.

A ce wata muƙala ta yi iƙirarin cewa takin zamani ne ke ninka amfanin dankalin Turawa a Filato. Kana dubawa sai ka tarar 'yan kasuwar Farin Gada aka tambaya, ba a taka gona ko ɗaya a Bokkos ko Mangu ba. Ko an raba takardun tambayoyi 300, guda 120 suka dawo. Kashi 40 cikin 100 ke nan, to sauran 180 fa, su waye, me ya hana su amsawa? Wani kuma ya rubuta kashi 60 cikin 100 alhali mutum 20 ya tambaya, ka ga maganar mutum 12 ake yi. Sannan manomin da ke iya sayen taki shi ne yawanci ke da injin ban-ruwa da ingantaccen iri. Wanne daga ciki ya kawo yabanyar? In marubucin bai rarrabe ba, ɗalibi ya rubuta cewa bai rarrabe ba. A nan ɗalibanmu ke jin nauyi, wai yaya za su ja da farfesa. Ai alƙaluman ake tambaya, ba mutuncin mai su ba.

Girman mujalla ma ba ya wanke muƙala. A 1998 mujallar Lancet ta Ingila ta buga binciken Andrew Wakefield da ya danganta wata allurar rigakafin yara da cutar galahanga. Yara 12 kacal aka duba, babu wani rukunin da aka kwatanta su da shi. Sai a 2010 mujallar ta janye shi, bayan iyaye da dama sun guji allurar. Balle mujallun ci-da-ceto da ke karɓar kuɗi su buga aiki cikin 'yan kwanaki ba tare da masana sun tantance ba. A koya wa ɗalibi neman sunan mujalla a rumbunan intanet da ke jera mujallun ilimi, kamar DOAJ, AJOL ko Scopus, ya kuma ɗauki biyu daga ayyukan da muƙalar ta ambata a manazartarta ya nemo su da kansa, musamman yanzu da ChatGPT kan ƙirƙiro sunayen ayyukan da babu su.

Turnitin, manhajar da ake gano satar rubutu da ita, kamanceceniyar kalmomi kawai yake aunawa. Wanda ya juya kalmomin tsakure zai iya tsallake shi bai fahimci komai ba. Don haka aikin gida ya zama shafi ɗaya: iƙirari, hujjar da aka kawo, rauni biyu, da abin da har yanzu za a iya dogara da shi. Kowane rauni a nuna shafi ko lambar jadawalin da yake, in babu, babu maki.

Naka,
Wani malami, Jos