Zuwa ga Ummi, a kan hoton nan na sanda

Ummi,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin Landan bai kayar da ke ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da ta sake tashi.

Ranar Juma'a gwaggonki ta shigo, ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini waya. Ke ce a tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, kin dafa keken kayan nan da rabinsa ya shige bango, ga ɗan sanda a hannu, kin rubuta wai an ɗauke ki makarantar matsafa. Ta ce, "Yaya, haɗa magani ka tura ta koyo ko tsafi?" Kafin la'asar zancen ya kai gidan Kawu.

Na kare ki, ki sani. Na ce musu makarantar nan, Hogwarts, ba ta nan a doron ƙasa, wata Baturiya ce ta ƙirƙiro ta a littafin Harry Potter da ya fito a 1997, ta rufe labarin da na bakwai a 2007. Ai ni na saya miki na farkon, kuma sai da na karance shi kafin ya shiga hannunki, uwarki shaida ce. Yara ne 'yan shekara 11 ake koya musu ɗaga gashin tsuntsu da sanda, da buɗe ƙofar da aka kulle, da kunna haske. Lumos ɗin nan da kuka dame mu da shi in an ɗauke wuta, daga kalmar Latin ta haske aka samo shi. Ƙaninki ma ya nuna mini, in ka faɗa wa waya sai ta kunna tocila. Na yi dariya. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi ba mu da bakin hana yaro tatsuniya.

Amma daren nan ban runtsa ba.

Sandan roba bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda kalmar sihiri ta yi sauƙi a bakinki, kina rubuta ta kina murmushi. A gidanmu ba a faɗinta sai an haɗa da a'uzubillahi, kuma kin san dalili. Kin san shekarar da muka bar gidan Fagge, kin san abin da aka tono a ƙarƙashin dokin ƙofa, kin ga yadda baffanki ya ƙare. Shi ma ba da boka ya fara ba. Da wasa ya fara, da "bari dai mu gani". Yau ɗaga gashin tsuntsu ne a takarda. Gobe jarrabawa ta yi tsauri, ko aure ya yi jinkiri, wata ƙawa ta raɗa miki cewa akwai wani malami mai aiki kamar yankan wuƙa. Ranar nan nake so gabanki ya faɗi, Ummi. Ki buɗe Baƙara, aya ta 102, ki sake karanta labarin Haruta da Maruta a Babila. Manzon Allah (SAW) ya lissafa sihiri cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, ya kuma ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Kuma tsakani da Allah, kina da lokacin bin layi ki ɗauki hoto da sanda, amma mako uku ba ki kira uwarki ba? Gonar Hajiya muka sayar kika tafi. Ban faɗa don gori ba, amma na faɗa.

To, ya wuce. Ban ce ki zubar da littattafanki ba, ni na kawo su gidan. Ki dai cire hoton, ki kira gwaggonki ki gaishe ta, kada ki yi mata gardama ko ta yi faɗa. Azkar ɗin safe da yamma kada ki bari. Uwarki ta daka miki yaji da kuka, tana jiran mai tafiya, ta ce ki faɗa mata ko rigar sanyin ta isa ko a ƙaro kuɗi.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki