Rahoton shekara ga 'yan ƙungiyar masu gyaran firji: aikinmu da gas mai kama wuta

Assalamu alaikum iyayenmu a sana'a, masu shaguna da yaran aiki.

Kusan duk zaman da muka yi bana a nan Garwa, magana ɗaya muka yi ta juyawa: gas ɗin cikin firji ya canza, hannunmu kuwa yana nan yadda ya saba. Da yawanmu da gas ɗin R12 muka koyi aiki, har yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta 1987 ta kawar da shi, R134a ya gaje shi. Duka biyun ba sa kama wuta, shi ya sa mutum ke ɗaukar wutar walda ya narke bakin bututu bai duba komai ba. Yanzu firjin gwanjo da ke hawowa daga Duwala da sababbin kasuwa, yawancinsu R600a ne a ciki, ɗan'uwan gas ɗin girki. Wasu firiza R290 ne, na'urorin sanyaya ɗaki da dama kuma R32, wanda shi ma yana kamawa ko da bai kai su ba. Tunda gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya ce a rage irinsu R134a, masu kama wutar nan kullum ƙaruwa za su yi a hannunmu.

Ana tsakiyar zafin Afrilu, masu ƙanƙara da zoɓo na tsaye kowa na son a sallame shi, yaron wani ɗan'uwanmu ya kai wuta jikin kwamfireso, injin da ke tura gas a firji, a cikin shago. Sai fau! Gira da gashin hannu suka babbake, Allah ya taƙaita. Da muka goge ƙurar jikin kwamfireson, ga alamar nan ɓaro-ɓaro, mai kusurwa uku ruwan ɗorawa da harshen wuta. Yaron ya ce bai ji wari ba, kuma gaskiya ya faɗa: gas ɗin girki ake sa wa wari, na firji ba a sa masa. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda murhun shayi da janareto suke, kuma kusan kashi 2 cikin 100 a iska ya isa ya tashi.

Daga nan muka tsayar da ƙa'ida. A karanta tambari tukuna. A fitar da firji waje, a saki gas a sarari, a yanke bututu da abin yanka, a hura nitirojin kafin walda. Yoyo da kumfar sabulu ake nema. Wanda ya gwada matsi da iskar oksijin kuwa, ba ruwan ƙungiya da shi. Muna roƙon iyayen gida su riƙa tsayawa kan yaransu, don su ne ke riƙe da wuta.

Da kuɗin karo-karo mun sayi sikeli mai auna giram da tukunyar nitirojin, ana karɓa aro wurin ma'aji. Sikelin ya zama dole, domin R600a na firjin gida ba ya wuce giram 150, sau da yawa ko rabin haka bai kai ba, ba a cika shi da kintace. Mun kuma zaga wajen masu sayar da ruwan sanyi, muna jan kunnensu su daina ɓamɓarar ƙanƙara da wuƙa, kada su huda bututun gas.

Abin da ya gagare mu shi ne masu ɗura R600a a tsohon firjin R134a don ya fi araha, alhali makunninsa na iya tartsatsi. Har yanzu ana yi, kuma mun san da haka. Da shi za mu buɗe zama na gaba, sai kuma maganar tukunyar kashe gobara a kowane shago. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin ranar.