Haɗin gajiya ne ya kusa kwantar da ni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma roƙon ɗan fili a jaridarka. Ni tela ne a Daura, shekarata 24 a kan keke, ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba sai yau. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne azumi ya ƙarato, kakarmu ke nan mu teloli, kuma shekaranjiya da dare na ga abin da ya tsaya mini a rai. Yaron shagon maƙwabcina, wanda bai wuce shekara 17 ba, ya dawo daga kemis da 'yar farar leda a dunƙule a hannu, ya watsa ƙwayoyi biyar a baki lokaci guda, ya kora da ruwan leda. Na ce masa mene ne wannan? Ya ce, "Na gajiya ne, Baba." Na san ledar nan farin sani. Ita ta kusa kwantar da ni a 2023.

A shekarar, Babbar Sallah ta kama 28 ga Yuni. Wata guda kafin nan, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Mu da keken surfaninmu da dutsen gugarmu da hasken dare duk sun dogara da janareto, sai lissafi ya rikice. Kuɗin ɗinkin da na yanka wa mutane tun kafin tashin mai ba ya sake taɓuwa, don an riga an yi magana. Dabarar da na ga ta rage mini ita ce in karɓi aiki fiye da ƙima, in cike giɓin da yawa. Na yi kusan kwana 20 ba na runtsawa sai bayan sallar asuba, in tashi ƙarfe takwas. Da dare shayi mai kauri, goro a kumatu, sai haɗin gajiya, da farko sau ɗaya, daga baya safe da dare, galibi ma ciki ba komai.

Kowane tela ya san gajiyar bayan Sallah. Kwana uku za ka yi kana barci kamar an yi maka duka, rana ta huɗu ka miƙe. Tawa ba ta tafi ba. Mako biyu, mako uku, ina nan jiya i yau. Ana cikin haka aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, mutanen Matamaye da Magarya da ke kawo mini ɗinki, musamman in sun shigo cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, suka ɗauke ƙafa. Su ne masu biya a hannu ba ja-in-ja. Sai ya zama ga kayan mutane jibge a shago, na karɓi kafin alƙalami na cinye, ga shi ba sabon kuɗi, ga jiki ya ƙi.

Bari in kwatanta maka yadda safiyata ta koma. In buɗe shago wajen ƙarfe goma. In zauna a benci in dubi tulin shadda da yadi da ke kan kanta, kowane ƙunshi da 'yar takardar awo a soke da allura. In jawo ɗaya, in shimfiɗa a tebur, in ɗauki alli in ja layin kafaɗa, in ɗauki almakashi, sai in ji kamar an ɗaura masa dutse. In ajiye, in ce bari in ɗan duba waya. Kafin in ɗago kai an kira azahar, ban san me na kalla a TikTok ba. In na hango mai kaya ya karyo kwana, sai in shige bayan labule in ce wa yarona ya ce na tafi Kano sayen zare. An daɗe ana yi mana tsiya cewa goben tela ba ta da rana, muna dariya. A watannin nan abin ya daina ba ni dariya, don ni da kaina ban san ranar ba.

Masu ba da fatawa kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wani ya ce hannu aka sa mini, abokan sana'a ne. Wani ya kawo mini hayaƙi. Yayana ya ce ragwanci ne kawai ya same ni da girma, in ji tsoron Allah in tashi. Maganarsa ta fi yi mini ciwo, domin ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan dare da rana. Kuma duk lokacin da na zagi kaina da ragwanci, sai in aika a ƙaro haɗi.

Uwargidana ce ta fara ganin gaskiya. Wata rana ina wanke hannu zan ci tuwo ta kama tafin hannuna ta juya, ta ce, "Malam, dubi hannunka fari fat kamar na mai jego. Leɓenka ma haka. Gobe asibiti za ka, ko in kira Baba ya kai ka." Na so in yi gardama, amma na tuna kwana biyu in na taka keke na minti goma sai zuciyata ta riƙa bugawa har cikin kunne, in na ɗauko bokitin ruwa daga bakin rijiya zuwa tsakar gida sai na tsaya haki. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, masu karatu su gafarce ni: bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta.

Aka ɗebi jini aka auna, aka ce ya yi ƙasa sosai. Likitan, matashi ne da na girme wa nesa, ya tambaye ni me nake sha. Na ciro ledar daga aljihu. Ya zazzage ta a kan tebur, ya riƙa ware ƙwayoyin da bakin biro. Ya ce wannan dikilofenak ce, wannan ibufurofen, dangi ɗaya ne, ba a haɗa su, balle a sha kullum ciki ba abinci. Suna cin bangon ciki har ya yi gyambo, gyambon ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, shi ne baƙin da nake gani. Jini kuwa shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai wa kowace gaɓa, in ya yi kaɗan dole mutum ya ji kamar an zare masa laka. Akwai ƙwaya biyu a ciki da shi kansa ya ce ba zai rantse ko mene ne ba, tunda ba kwali ba suna. Wato abin da nake saye don ya cire mini gajiya, shi ke ƙara haƙa mini ramin. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba, amma wallahi har da sanyi na ji a raina, don ashe abin yana da suna, kuma sunan ba rago ba ne.

Ya hana ni haɗin, ya rubuta maganin gyambon ciki da na ƙarin jini na wata uku. Ya ce in riƙa cin hanta in hali ya yi, da wake da zogale da alayyafo, in daina dora shayi a kan abinci nan take domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, in sha lemon zaƙi a madadinsa. Ya kuma yi mini wata tambaya da ban zata ba: ko ina jin daɗin abubuwan da na saba jin daɗinsu, ko na taɓa jin gara ma in mutu. Ya ce in mutum ya haura mako biyu zuciyarsa a cushe, ba ya marmarin komai, barci da cin abinci sun rikice, to ciwon damuwa ne, ana maganinsa kamar kowane ciwo, kuma ba hauka ba ne. Ya ce ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da ya ƙi warkewa su ma suna zuwa da rigar kasala. Na kawo wannan ne saboda masu saurin yanke hukunci irin yayana.

Sai dai, Edita, ba a nan labarin ya ƙare ba, kuma wannan ɓangaren ne na fi so abokan sana'a su ji. Bayan mako huɗu haki ya ragu, ƙafa ta dawo, amma in na shiga shago na ga tulin nan sai gabana ya faɗi, in sake neman waya. Jiki ya warke, zuciya ta ƙi.

Uwargida dai ba ta fasa kiran Baba ba, wato maigidana da ya koya mini ɗinki tun ina ɗan shekara 15, a kan wani tsohon keken Butterfly da har yau yana ɗakinsa. Ya haura 70, ido ya yi rauni, ya bar aiki. Ya zo da hantsi da sandarsa, bai yi mini wa'azi ko ɗaya ba. Ya zauna a kujerata ya ce, "Sauko da su duka." Na sauko da su, muka ƙirga, ƙunshi 41. Ni a raina sun fi 100, don na yi wata biyu ban yarda na ƙirga ba. Ya sa na kasa su uku: waɗanda na karɓi kuɗinsu, waɗanda ban karɓa ba, da na mutanen Nijar da ba hanyar zuwa. Ya nuna kashi na biyu da sanda ya ce, "Waɗannan yau za ka bi masu su gida-gida. Ka ce ka yi rashin lafiya, wanda zai jira wata guda ya jira, wanda ba zai iya ba ga kayansa." Na ce, "Baba, ai mutuncina zai zube." Ya ce, "Wane mutunci, kai da ke ɓuya bayan labule? Ba ɗinkin ne ya danne ka ba, ɗana, ɓuyan ne."

Na bi gida 13 a ranar, daga Tudun Wada har Kusugu. Mutum huɗu suka karɓi kayansu, ɗaya ya gaya mini maganar da har yau ban manta ba, kuma yana da gaskiya. Sauran suka yi mini sannu, wata tsohuwa ma ta bi ni da kwanon fura. Daren nan na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin Sallah.

Abu na biyu da Baba ya sa ni kamar wasa ne. Ya ce riga ɗaya a rana, kada in ƙara ko da ina jin ƙarfi. Kuma kada in tashi daga aiki a kan gaɓa. Da la'asar in yanka ta gobe, in haɗa kafaɗa, in fara ɗinkin gefe, in na kai rabi in tsaya, in bar allura a soke cikin yadin, in rufe shago. Da safe ba sai na tsaya tunanin ta ina zan fara ba, ƙafa kawai zan ɗora. Na gane ashe ba aikin ne ke gagarata ba, farawar ce. In keke ya fara ƙara, hannu ya san sauran. Mako na biyu ya ce in koma biyu. Kafin Sallar Gani ta zo, na sallami duk wanda na ci kuɗinsa.

Wayar kuwa, a hannun uwargida take kwana tun lokacin. Bayan asuba ina taka sayyadata in miƙe hanyar Zango in dawo, kamar rabin awa. Likitan ya ce minti 150 a mako ake so, na lissafa na ga na wuce.

Akwai addu'ar da muka haddace tun muna makarantar allo, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gazawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Shekara da shekaru ina karanta ta, sai a wannan jinyar na lura gazawa daban aka ambata, kasala daban, kuma ga bashi a jere da su. Limaminmu ya tuna mini da hadisin igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci don ta riƙe in ta gaji da tsayuwar sallah, Annabi ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. In sallar nafila aka ce haka, ban ga dalilin da kaftanin Sallah zai sa yaro ya ɗaure kansa da ƙwaya ba.

Don haka kirana ga iyayen gida na shagunan ɗinki ne, a Daura da Katsina da ko'ina. Mu ne muke karɓar aikin da ya fi ƙarfin shago, sannan mu kau da kai in yara sun nemi abin da zai hana su barci. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018, amma wanda ya fara da haɗin gajiya a azumi, ba wuya ya gangara zuwa taramol bayan Sallah, duk mun ga irinsu a layinmu. Ni dai bana daga 10 ga azumi na rufe karɓar kaya, ko na wane ne. Yarana biyu, ɗaya zai yi daga bayan tarawi zuwa ƙarfe ɗaya, ɗaya ya karɓa bayan asuba. Na san zan yi asarar masu kawo shadda ana jibi Sallah, su tafi inda za a yi musu alkawarin ƙarya. Yaron maƙwabcina kuma na yi magana da maigidansa, ya ce ya ji, ban sani ba ko har zuci.

Kashi na uku na tulin nan, na mutanen Nijar, da aka buɗe iyaka a Maris ɗin 2024 duk sun zo sun karɓa, saura mutum ɗaya. Wani dattijo ne daga wajen Magarya, ya kawo farar shadda yadi 10 ana saura kwanaki a rufe hanya, ya biya rabi. Babbar riga da 'yar ciki da wando, na ɗinka, na goge, suna nan rataye cikin leda a bayan kekena. In Allah ya sa wani nasa ya karanta wannan, a gaya masa telansa na Daura ya gama aiki, ya zo ya gwada, in ta yi masa yawa a rage.

Wassalam.

Naka,
Wani tela daga Tudun Wada, Daura.