Godiya ga ma'aikatan NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, na Kano

Assalamu alaikum.

Ni ƙaramin mai sana'ar fiya wata ne a Kano, injina ɗaya da yara kaɗan. Tun da gwamnatin Legas ta haramta farar robar zuba abinci a Janairun 2024, ta kuma fara kama masu sayar da robobin amfani sau ɗaya a Yulin 2025, hankalinmu bai kwanta ba. Kullum da sabon labari a WhatsApp: yau a ce za a hana ledar ruwa a ƙasar baki ɗaya, gobe a ce tara ce za ta biyo baya. Mu kuwa mun san yadda zuwa ofis yake. Wasu ma'aikatan ba sa zuwa wurinka sai da kwaɗo da rasit, kafin ka buɗe baki an fara zancen rufe masana'anta, daga ƙarshe a tsaya a na goro. Ka tambayi wace doka ka karya, a ce kai ne za ka koya musu aiki?

Da wannan fargabar na shiga ofishinku. Wata baiwar Allah ce ta karɓe ni, ta ce, "Alhaji, zauna tukuna ka huta." Da Hausa ta yi mini bayani, ba ta ƙosa da tambayoyina ba. Ta ce haramcin Legas bai haɗa da ledar ruwa da gorar roba ba. Abin da hukuma ke nema shi ne duk wanda ya zuba kaya a leda ko roba ya sayar, ya san alhakin ledar yana wuyansa har bayan mai saye ya jefar. Don haka ne manyan kamfanoni irin su Nestlé da Seven-Up da Nigerian Bottling Company suka haɗu suka kafa ƙungiyar FBRA a 2018, suna zuba kuɗi ana tattara shara ana sake sarrafa ta. Ta nuna mini yadda zan ware ledar da inji ya ɓata, in ajiye ta a bushe ba ƙasa ba mai, in auna, in rubuta a littafi. Masu niƙa roba suna saye, su narka a yi bokiti da buta da baƙar leda. Yanzu 'yan jari-bola biyu ke zuwa mana duk mako. Takardun da zan cika ma ta ba ni, ko sisi ba ta nema ba. Allah Ya saka mata da alheri, Ya jiƙan magabatanta.

Wallahi abin da ke ci mini rai, wannan bayanin bai fi ƙarfin kowane ofis ba. Duk damina lambatunmu toshewa suke yi da leda, ruwa ya shiga gidajen talakawa, mahauta su fede akuya su tarar da tumbinta cike da leda. Amma a wasu wuraren ba a tuna mu sai lokacin karɓar haraji. A karɓi kuɗin shara, motar kwashewa ta yi wata ba a gan ta ba, jama'a su gaji su cinna wa bola wuta, yara na shaƙar hayaƙin a hanyar makaranta.

Na gode ƙwarai. Allah Ya ƙara muku lafiya.

Wassalam,
Wani mai sana'ar ruwan leda, Kano