Wasiƙar Godiya ga Sashen Jarirai da Ɗakin Hoton Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a bainar jama'a don mu yaba wa likitoci da ma'aikatan jinya na sashen jarirai, da masu ɗaukar hoto a ɗakin MRI, wato na'urar hoton cikin ƙwaƙwalwa, kan yadda kuke kula da jariran da iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsu wajen haihuwa.

Ɓarnar ciwon nan ba a tashi ɗaya take zuwa ba. Jini yana dawowa, jariri ya yi kamar ya samu sauƙi, sai zagaye na biyu ya biyo baya, daga kamar awa 6 zuwa kwana biyu bayan haihuwa, inda gurɓatattun ƙwayoyin oksijin ke cin ƙwaƙwalwa kamar tsatsa da ƙarfe. Shi ya sa muke jin daɗin yadda kuke fara farfaɗo da jaririn da watanninsa suka cika da iskar ɗaki, oksijin kashi 21 cikin ɗari, domin oksijin da ya wuce kima rura wutar yake yi. Wanda ya cancanci a sanyaya masa jiki don rage ɓarnar kuwa, kuna farawa kafin ya cika awa 6 da haihuwa, ku riƙe shi a digiri 33.5 na ma'aunin Celsius har awa 72, sannan ku ɗumama shi rabin digiri duk awa, idonku na kan sukarin jini da jijjiga.

Abin da ya fi burge mu shi ne gaskiyarku kan magungunan kashe dafin gurɓatattun ƙwayoyin nan. Melatonin da allopurinol sun nuna amfani a gwajin dabbobi, amma a kan jarirai har yanzu gwaji ake yi, kuma haka kuke faɗa wa iyaye ba ɓoye-ɓoye. Akwai dalilin wannan taka-tsantsan: an sa rai sosai a kan wani magani mai suna erythropoietin, sai gwajin HEAL na Amurka, da aka wallafa a 2022 kan jarirai kusan 500, ya nuna ƙara shi a kan sanyayawa bai rage mutuwa ko naƙasa ba.

Ku kuma masu ɗaukar hoto, kun san lokaci shi ne rabin aikin. Hoton da ke bin motsin ruwa a ƙwaƙwalwa yakan fito da raunin sarai a rana ta 4 ko ta 5, bayan ɗumamawa. Idan aka shiga mako na biyu sai wurin ya yi kamar lafiya lau, alhali raunin na nan. Kuna kuma auna sinadaran talamus, wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda hauhawar laktet (mai taruwa idan iska ta yi ƙaranci) da raguwar NAA (mai nuna lafiyar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa) ke nuna inda za a sa ido nan gaba. Ga hannu mai taushi: a shayar da jariri, a naɗe shi a zani, a toshe 'yan kunnuwansa daga ƙarar na'ura, ya yi barcinsa ba tare da maganin barci ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara lafiya da haƙuri.

Daga ungozomomi da ma'aikatan jinya masu turo muku jarirai.